Malam Abdullahin Gwandu da Dokar Masu Mulki

Kowa ya san doka tana hawa kan talakan da ya yi laifi. To, in hakimi ne ko mai karɓar haraji ya zalunci talaka fa? Akwai wani reshen shari'a da ke tsare masu mulki su da kansu, watau dokar sha'anin mulki. Waɗansu suna zato Turawa ne suka kawo mana wannan ilmi, amma ba haka ba ne.

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wajen 1766. Shi ne wazirin Shehu, shi ne kuma ya ja rundunar jama'a a Tabkin Kwatto cikin 1804. Amma da nasara ta samu, sai ya ga waɗansu shugabanni sun fara kwaɗayin sarauta da dukiya. Ransa ya ɓaci, ya kama hanyar Makka wajen 1807. Da ya iso Kano mutanen garin suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake riƙon ƙasa. Nan ya wallafa Liya'ul Hukkami, watau hasken mahukunta, sa'an nan ya komo gida.

A ciki ya bayyana yadda ake naɗa shugaba, da aikin waziri, da na alƙali, da na sauran ma'aikata. Gindin maganarsa shi ne, sarauta amana ce, ba gadon gida ba. Shugaba yana ƙarƙashin shari'a kamar kowa, tilas ya yi shawara, ya sa ido kan ma'aikatansa, ya saurari kukan wanda aka zalunta.

Da Shehu ya raba ƙasa cikin 1812, aka ba shi yamma. Ya rasu a Gwandu cikin 1829. Mu a Kontagora ba baƙonmu ba ne, gama Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa garin nan wajen 1864, jikan wansa ne.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe za a danƙa wa kowannenmu aji, da rajista, da kuɗin makaranta. Wannan ma ƙaramar sarauta ce. In yaro ya ce mun ƙware shi a maki, za mu buɗe takardarsa mu sake dubawa, ko kuwa za mu ɗauko bulala? Kowa ya tambayi kansa tun yanzu.