Yadda Karin Maganar Sifaniyanci Ke Samun Takwara a Turanci

Idan aka tafka ruwan sama a Madrid, mutumin garin zai ce "llueve a cántaros", wato ana kwarara ruwa da tuluna. Baturen Ingila kuwa cewa zai yi kyanwoyi da karnuka ne ke faɗowa daga sama. Bahaushe ya fi saurin gane na farkon, tunda shi ma "kamar da bakin ƙwarya" yake cewa. Duk mai koyon Sifaniyanci ta hanyar Turanci a nan yake fara tuntuɓe, domin karin magana ba ta fassaruwa kalma bayan kalma. Aikin da take yi a cikin zance ake dubawa, sannan a nemo wadda ke yin wannan aikin a ɗaya harshen.

Wasu ba sa ba da wahala, saboda rijiya ɗaya harsunan biyu suka sha, wato Latin da Littafi Mai Tsarki na Kirista. "Todos los caminos llevan a Roma", dukkan hanyoyi Rum suke kaiwa, haka take a Turanci ba ragi ba ƙari. Haka ma "lavarse las manos", wanke hannu daga wani al'amari, wadda ta samo asali daga labarin Bilatus a cikin Littafi Mai Tsarki.

Mafi yawa kuwa ma'ana ɗaya suke ɗauke da ita, amma kowane harshe da hotonsa. Abu mai tsada a Sifaniya ido guda yake ci, "cuesta un ojo de la cara", a Ingila kuma hannu da ƙafa yake ci. Mai zolaya gashin mutum yake kamawa a Sifaniyanci, "tomar el pelo", a Turanci kuma ƙafarsa yake ja. Tsuntsu ɗaya a hannu ya fi ɗari masu shawagi a Sifaniyanci, Bature kuma biyu kawai ya ƙirga a cikin daji. Wani lokaci bambancin kan nuna tunanin al'umma: "a quien madruga, Dios le ayuda" cewa take yi mai sammako Allah ke taimakonsa, takwararta ta Turanci kuma tsuntsun da ya yi sammako ta bai wa tsutsa, ba ta ambaci Allah ba.

Masu wuyar su ne waɗanda tarihi ko addini ya haifa. "De Pascuas a Ramos" na nufin abin da ba ya faruwa sai an daɗe. Pascuas ita ce bikin Ista na Kirista, Lahadin Ramos kuma mako guda take zuwa kafin Ista, don haka daga Ista zuwa Ramos ta gaba kusan shekara ce cur. Turanci shuɗin wata yake ambata a nan, ma'ana ta isa, amma kalandar coci ta ɓace. Ita kuwa "no hay moros en la costa", babu Murawa a gaɓar teku, tana tuna ƙarni na 16 da na 17, lokacin da jiragen ruwa daga Arewacin Afirka ke kai farmaki gaɓar Bahar Rum ta Sifaniya, har aka jera hasumiyoyin tsaro don hango su. Turanci na cewa gaɓa ba kowa, wato babu haɗari. Sai dai kalmar "moro" tana yi wa Musulmi da yawa zafi a yau, abin da takwararta ta Turanci ba ta ɗauke da shi.

Shi ya sa jerin karin magana biyu-biyu da ake haddacewa bai wadatar ba. Kafin mai koyo ya ɗauki wata ya yi amfani da ita, ya kamata ya san wa ke faɗinta, a gaban wa, kuma cikin raha ko cikin fushi. Ya kuma tuna cewa Sifaniyancin Madrid da na Meziko da na Ajantina ba kullum suke karin magana iri ɗaya ba.