Victoria Gray: Matar da Aka Gyara wa Jini

Victoria Gray 'yar garin Forest ce a jihar Mississippi ta Amurka. Tana da wata uku a duniya likitoci suka gano tana da sikila. Duk gidan da ke da mai amosanin jini ya san sauran labarin: ciwon ƙashi da ke tayar da yaro tsakar dare yana kuka, ƙarin jini, jinya a asibiti, karatu ya tsaya. A haka ta girma har ta zama uwa, ciwon bai sassauta mata ba.

Tushen cutar ɗan ƙarami ne. Kundin halittar ɗan Adam, wato DNA, yana da haruffa kusan biliyan 3. Sauyin harafi ɗaya tak ke sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi.

Likitoci sun daɗe da lura cewa jariri mai sikila lafiyarsa ƙalau a watannin farko, domin akwai nau'in haimogulobin da yake zuwa da shi daga ciki wanda ke hana lanƙwashewar. Bayan haihuwa sai jiki ya daina sarrafa shi. To, me ke dakatar da shi? A 2007 da 2008 masu bincike a Landan da tsibirin Sardiniya suka zuba bayanan DNA na ɗimbin mutane a kwamfuta, lissafi ya kai su ga wata ƙwayar gado mai suna BCL11A. Stuart Orkin da abokan aikinsa a Boston suka tabbatar ita ke ba da umarnin dakatarwar. A 2012 kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka fito da CRISPR, dabarar yanke DNA daidai inda ake so.

Victoria ta amince a fara gwada wannan dabara a kanta, don hana BCL11A ba da umarnin dakatarwar. A wani asibiti da ke Nashville, ƙarƙashin kulawar Dakta Haydar Frangoul, aka ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jininta, aka gyara su a ɗakin bincike, aka ba ta magani mai ƙarfi da ya share tsohon ɓargonta. A watan Yulin 2019 aka mayar mata da su ta jijiya. Sabon jinin ya kama. Ciwon da ke kai ta asibiti ya ɗauke, ƙarin jini ya ƙare. A Maris 2023 ta tsaya da ƙafarta a wani taron masana a Landan ta ba da labarinta. Kafin shekarar ta ƙare, Birtaniya da Amurka sun amince da maganin, mai suna Casgevy.

Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, alhali babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu sikila. A yau garkuwarmu ita ce gwajin jini kafin aure, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. Amma a duba waɗanda suka haɗu kafin Victoria ta samu sauƙi: likita, masanin lissafi, mai rubuta manhaja, masanin sinadarai. Ya dace jami'o'inmu su zaunar da ɗalibin likitanci da na kwamfuta a aji ɗaya, su koyi karanta DNA tare. Mu ke da majinyatan, don haka mu ya fi kamata mu nemo hanyar da maganin zai yi araha.