Me Ya Sa Ƙafar Jirgin Sama Ba Ta Son Walda?

A watan Oktoban 2007 kamfanin dillancin labarai na AFP ya kawo labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks ɗan shekara 24 a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gida. Injin Honda Civic ya ɗora masa mai ƙarfin doki 133, kujerun kuma daga wata tsohuwar Toyota ya ciro su. Wata takwas ya yi yana aikin, jirgin kuwa ya ɗaga, sai dai bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba.

Mutane da yawa da suka ji "ƙafa bakwai" sai suka yi murmushi. To kai mai karatu kada ka yi saurin raina wannan tsayin. Duk abin da ya faɗo daga mita 2 da ɗoriya ba tare da wani abu ya riƙe shi ba, zai iso ƙasa da gudun sama da mita 6 a daƙiƙa. Manyan jiragen fasinja kuwa, ƙa'idar da ake ƙera ƙafafunsu a kai ita ce su jure dira da gudun kusan mita 3 a daƙiƙa. Ƙarfin bugu yana tafiya ne da gudu sau gudu, saboda haka faɗowa daga ƙafa bakwai ya ninka waccan ƙa'idar fiye da sau huɗu. Ka ga ke nan tashi rabin aiki ne, sauran rabin yana wajen ƙafafun da za a dira a kansu.

A Kenya ma wani mai suna Gabriel Nderitu ya ɗanɗana wannan. Ya ƙera jirgi da injin Toyota, da aka fito gwaji a 2010 ƙafar ce ta karye tun jirgin bai bar ƙasa ba. Masu ƙira a gida sukan zuba hankalinsu kan inji da fukafukai, ƙafa kuma a ce ai bututu ne da taya, a kai wa mai walda. Nan ne gizo ke saƙa.

Lissafin dira

Ɗauki ƙaramin jirgi mai nauyin kilo 500, ya taɓa ƙasa yana saukowa da gudun mita 3 a daƙiƙa. Kuzarin da ke cikin wannan motsi rabin nauyi ne sau gudu sau gudu, wato jul 2,250. Wannan kuzarin ba ya ɓacewa haka kawai, dole wani abu ya shanye shi. Idan ƙafar ta lanƙwasa santimita 20 kafin jirgin ya daina nutsewa, matsakaicin ƙarfin da zai bi ta cikinta ya kai kamar nauyin kilo 1,150. Idan kuwa ƙafar sandararriya ce, ba ta ba da kai sai santimita 2, ƙarfin ya zama tan 11 da rabi. Jirgi ɗaya, dira ɗaya, amma bugun ya ninka goma.

Jikinka ma ya san wannan lissafin. In ka diro daga bayan mota ai gwiwa kake lanƙwasawa. Gwada dira da ƙafa a miƙe ka ji yadda abin zai haura har tsakar kanka.

Saboda haka ƙafar da ta fi kauri ba lallai ita ce ta fi aminci ba. Mai ƙira da ya ji tsoro ya lafta ƙarfe, ya yi asara biyu: ya tura bugun cikin gangar jirgin da bayan matuƙi, sannan ya ƙara nauyi, alhali ƙafafun jirgi duka ba su cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari na nauyinsa ba.

Sifirin yana rance ne, shok ke cinyewa

Idan ka tsaya a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato a Talata Mafara lokacin girbi, ka kalli motocin da ke fitowa daga gonakin Bakolori da buhunan shinkafa da kwandunan tumatir, za ka ga duk ilimin nan a ƙarƙashinsu. Tun da aka kammala madatsar a kan kogin Sakkwato a 1978, kayan gona ne ke tsakanin Maradun da Bakura da Mafara, kuma sifirin mota ne ke shan wahalarsu.

Sifirin ba ya cinye kuzari. Karɓa yake yi ya ajiye, sannan ya mayar. Shi ya sa motar da shok ɗinta ya mutu take ta rawa bayan ta faɗa rami. Shi shok, mai ne a cikinsa, duk sanda ya motsa sai a tilasta wa man nan bi ta ƙananan ramuka, gogayyar ta mayar da kuzarin ya zama zafi. Bayan doguwar tafiya a hanya mai gargada, kai hannu kusa da shi a hankali, za ka ji ɗumi. In ɗaya ya yi ɗumi ɗaya yana nan da sanyi, ka san wanda ba ya aiki.

Masu jirgi sun bi hanyoyi uku. Mafi sauƙi ita ce igiyar roba da ake naɗawa, irin ta jirgin Piper Cub na 1938. Ta biyu ta wani Ba'amurke ce, Steve Wittman, wanda a shekarun 1930 ya ƙirƙiro ƙafa ta falle ɗaya na ƙarfen sifirin, daga baya kamfanin Cessna ya ɗauka. Ba ta da shok ko kaɗan. Idan jirgi ya dira sai ƙafafun su buɗe, tayoyin su gurza ƙasa ta gefe, gurzar nan ce ke cinye wani ɓangare na kuzarin. Ta uku ita ce ta manyan jirage, silinda mai mai da iskar naitirojin: iskar ta yi aikin sifirin, man ya yi aikin shok. Tana riƙe ƙarfin kusan daidai daga farko har ƙarshe, shi ya sa ingancinta ke kai kashi 80 zuwa 90. Sifirin ƙarfe yana farawa da laushi ya ƙare da tauri, nasa bai wuce kashi 50 ba. A lissafinmu na ɗazu, wannan na nufin a ƙarshen lanƙwasa sifirin zai ji kusan kilo 2,300, ba 1,150 ba.

Kada ka ɗauka wannan labarin ƙasashen waje ne kawai. Jirgin horo na Air Beetle da rundunar sojin saman Nijeriya ta yi amfani da shi, guda 60 da aka haɗa a Kaduna, tushensa RV-6A ne, jirgin da aka zana domin mutane su haɗa a garejin gidajensu. Ƙafafunsa sandunan ƙarfen sifirin ne, jikokin dabarar Wittman.

Abin da wuta ke yi wa ƙarfe

To ga tambayar da muka taso da ita. Tunda ƙarfen sifirin ake so, ga shi kuma birjik a wajen 'yan gwangwan, me zai hana a yanko a yi walda?

Tambayi maƙeri. Ya san dalilin da ya sa yake neman tsohon sifirin mota in zai ƙera adda ko gatari, ba rodin gini ba. Ƙarfen sifirin yana da sinadarin kabon kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, ƙarfen da ake yin ƙofa da taga da shi bai kai rabin haka ba. Amma kabon shi kaɗai bai isa ba. A masana'anta sai an gasa ƙarfen zuwa wajen digiri 850, a tsoma shi cikin mai ya huce nan take, ya yi tauri har ya iya fashewa kamar gilashi. Daga nan a sake ɗumama shi a digiri 400 zuwa 500, ya rage taurin kai, ya zama mai lanƙwasawa ya dawo. Halin sifirin a wannan gashi biyu yake zaune.

Walda kuwa narkar da ƙarfe take yi, zafin ya haura digiri 1,400. Wurin da ke manne da ɗinkin yana yin ja, sauran ƙarfen mai sanyi ya zuƙe zafin da sauri, sai wurin ya koma irin taurin gilashin nan ba tare da gashi na biyu ba. Ɗan gaba kaɗan kuma zafin ya yi wa ƙarfen yawa, ya yi laushi. Cikin tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba kana da wuri mai fashewa da wuri mai lotsewa, ido kuma ba ya ganin ko ɗaya. Shi ya sa sifirin da aka yi wa walda ba kasafai yake karyewa a kan ɗinkin ba, a gefensa yake ɓallewa. Mai walda sai ya nuna maka ya ce ka gani, aikina yana nan. Gaskiya ya faɗa, amma wutarsa ce ta kashe maƙwabcin.

A ra'ayinmu, babban fallen sifirin da ke riƙe da ƙafar mota a jikin shasi bai kamata a yi masa walda ba ko da wane irin gwani ne, sai dai a ja motar a hankali zuwa inda za a sami wani. Haka sandar sitiyari. A jirgi kuwa maganar ba ta ma taso ba: noti ake ɗaure irin wannan ƙafa da shi. Akwai ƙafafun jirgi da ake yi wa walda, amma da bututun wani ƙarfe ne mai lamba 4130 wanda kabon ɗinsa rabin na sifirin ne, kuma a can roba ko silinda ke shan bugun, ba bututun ba.

Akwai kuma al'adar ƙara wa sifirin falle don a ƙara lodi. Motar takan miƙe tsaye, amma ka tuna lissafin santimita 2. Bugun da sifirin ya daina sha yana komawa kan shasi da taya, birki kuwa bai ƙaru ba.

Ƙarfe yana gajiya

Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya, ba ka ja ta da ƙarfi ba amma za ta tsinke. Injiniyan Jamus August Wöhler ya yi nazarin wannan tun shekarun 1850 zuwa 1860, saboda sandunan ƙafafun jiragen ƙasa da ke karyewa ba a yi musu lodin da ya wuce kima ba. Tsaga takan fara ƙarama daga inda aka ji wa ƙarfe ciwo, ta riƙa tsawo kaɗan-kaɗan da kowane bugu, ran nan kawai ta ƙarasa. Jiragen Comet biyu na Ingila da suka tarwatse a sama a 1954, gajiyar ƙarfe ce ta ci su.

Mai sayar da yadi yakan ɗan tsaga bakin da almakashi sannan ya yage, ko ba haka ba? To haka rami ko kusurwa mai kaifi ko ramin tsatsa suke yi wa ƙarfe. A gefen zagayayyen rami matsin yana ninkawa kusan uku. Duk wanda zai huda ƙafar jirgi, ko ya bar mata sawun injin gurza, ya ba tsaga wurin farawa.

Gano tsagar ba sai da na'ura mai tsada ba. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa suna da dabara: a wanke ƙarfen tas, a jiƙa shi da baƙin mai da aka sirka da kananzir, a bari ya jima, a goge saman sarai, a shafa garin alli, sannan a ɗan bubbuga da guduma. Man da ya ɓuya cikin tsaga zai tsatso ya zana layi a kan farin allin. Gwajin rini da ake yi wa sassan jirgi yau daga nan ya samo asali, kuma kowane gareji a Mafara zai iya yin na asalin a kan sifirin ko ƙafar mota.

Noti ma ka duba kansa. Lambar 8.8 na nufin ƙarfen zai jure kusan kilo 80 a kan kowace murabba'in milimita, 10.9 ya fi shi. Wanda ba shi da lamba, na ɗaure benci ne. Kuma in za ka shiga ƙarƙashin mota, kada ka dogara da jak shi kaɗai, ka tokare ta da abin da ba zai zame ba, ba bulo ba, domin bulo fashewa yake yi ba sallama.

Gwaji kafin mutum ya hau

Masu ƙera jirgi ba sa yarda da lissafi sai sun jefar da ƙafar. Gudun mita 3 a daƙiƙa daidai yake da faɗowa daga santimita 46, saboda haka ana iya kwaikwayonsa a tsakar gida. A rataye gangar jirgin da sarƙa, a loda mata buhunan yashi daidai nauyin matuƙi da mai, a sa farantan ƙarfe masu giris ƙarƙashin tayoyin don su samu buɗewa, a saki. Ana farawa daga santimita 10, a auna yadda ƙafar ta lanƙwasa da kuma ko ta koma daidai inda take, sannan a ƙara tsayi. Ƙafar da ba ta koma ba ta wuce iyakarta, ba a miƙe ta da wuta a mayar. Ba wanda zai tsaya kusa yayin sakin, buhun yashi ne matuƙi har a gama.

Ko an ci wannan gwajin, tashi sama sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA. Mai son koyon aikin a tsare, akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, tana horar da masu gyaran jirgi, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara ga wanda zai fara da tushen aikin injiniya.