Abincin dare a jirgin ruwan shaƙatawa: kwat ko babbar riga?

Duk wanda ya biya kuɗin tafiyar mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Marseille ko Barcelona ko Genoa suna zagaya Bahar Rum, zai ga wani sashe a takardunsa da ke maganar suturar cin abincin dare. Da yawa ba sa karanta shi. Sai an isa ƙofar babban ɗakin cin abinci, ma'aikaci ya dubi gajeren wandon mutum da silifansa, ya roƙe shi cikin ladabi ya koma ya sauya kaya. Wasu kuma tsoro ke sa su kashe kuɗi kan kwat da ba za su ƙara sakawa ba. Duka biyun ana iya kauce musu.

Al'adar ta samo asali ne daga manyan jiragen da ke ratsa tekun Atlantika tsakanin Turai da Amurka kafin jirgin sama ya karɓe fasinjoji. A lokacin, masu kujerar alfarma ba sa zama teburin dare sai sun ci ado. Kamfanin Cunard na Ingila, wanda ya fara jigila a 1840, shi ne ya fi riƙe wannan al'ada, musamman a jirginsa Queen Mary 2 mai zirga-zirga tsakanin Southampton da New York. A ɗaya ɓangaren akwai Norwegian Cruise Line, wanda ba ya tilasta wa kowa daren ado. MSC da Costa, waɗanda masu jin Faransanci suka fi hawa, suna tsakiya. Saboda haka abu na farko shi ne ka san jirgin wane kamfani za ka shiga.

Galibi darare iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda takardar Faransanci ke kira « tenue décontractée » ko makamancin haka. Sunan na iya ruɗin mutum, domin ba ana nufin kayan bakin ruwa ba ne. Dogon wando da riga mai kwala sun wadatar ga namiji, doguwar riga ko riga da siket ga mace. Kayan ninkaya da singileti ba su da wuri a nan. Sai kuma « soirée de gala », daren da ake cin ado, ake gaisawa da kyaftin, masu ɗaukar hoto na jirgin kuma suna jira a hanya. A tafiyar kwana bakwai yakan zo sau ɗaya ko biyu. Maza kan saka kwat mai duhu, mata kuma kayan biki. Daren farko da na ƙarshe ba a cika tsananta wa ba, domin a na farko akwati na iya jinkirin isowa ɗaki, a na ƙarshe kuwa an riga an ajiye shi a bakin ƙofa don a sauke.

To, ina matsayin kayanmu na gida? Manufar daren gala ita ce mutum ya fito da kamala, ba lallai sai da suturar Turawa ba. Ɗan Scotland kan shigo da siket ɗinsa na gargajiya, 'yar Indiya da sari, kuma ana karɓarsu a matsayin cikakken ado. Babbar riga ta shadda mai aiki, da 'yar ciki da wando da hula, tana wannan sahu. Haka leshi ko atamfa mai kyakkyawan ɗinki da ɗankwali da gyale. Ma'auni mai sauƙi: abin da za ka saka ranar ɗaurin auren ɗan'uwanka ya isa daren gala, kaftanin zuwa ofis kuma ya isa sauran darare.

Sai dai a kula da abubuwa uku. Na farko takalmi. Abin da ya fi sa a mayar da mutum ba rigarsa ba ce, silifa ne. Ka tafi da rufaffen takalmi ƙafa ɗaya, baƙi ko ruwan ƙasa, wanda zai dace da kowane kaya. Mata su tuna cewa jirgi na rangaji idan teku ta tashi, takalmi mai tsini sosai yana da wahalar tafiya.

Na biyu guga. Yawancin kamfanoni sun hana shiga da dutsen guga saboda tsoron gobara, kuma idan na'urar bincike ta gano shi a akwati, za a riƙe shi har ƙarshen tafiya. Shadda kuwa ba ta yafe ƙudundunewa. A goge ta a gida, a ninke da kyau, a rataye da zarar an shiga ɗaki. Idan tana buƙatar ƙari, a miƙa wa sashen wanki na jirgin kwana ɗaya kafin gala. Ana biya, kuma ranar galar kowa ke kai nasa.

Na uku hula. Wasu ɗakunan cin abinci sun hana hula, amma abin da suke nufi shi ne hana-salla da hular rana. Duk da haka, gara ka je wurin shugaban ma'aikatan ɗakin tun ranar farko ka tambaya. Ko ka rubuta wa kamfanin kafin tafiya, ka ajiye amsar a wayarka.

Kullum ana sanar da suturar daren a takardar shirin rana da ake kawowa ɗaki, ko a manhajar jirgin. Wanda bai shirya ba, ko ya gaji da ado, ba zai kwana da yunwa ba: ɗakin da kowa ke ɗibar abinci da kansa a buɗe yake, kuma ba a neman kayan gala a can. Mai ɗaure akwati dai ya tanadi kayan biki guda biyu, na yau da kullum uku ko huɗu, da mayafi ko riga mai ɗan kauri, domin na'urar sanyaya ɗakin cin abinci ba ta wasa.