Kafin ku liƙe ledar nan, ku tabbata kayan sun bushe

Manoman Kadawa da 'yan kasuwar Kwanar Gafan, a saurara. Kowa ya san yadda kakar tumatir take a Garun Malam: ruwan Tiga ya wadata, kwando ya yi arha, wanda bai samu mai saye ba sai ya yanka ya shanya. Yanzu ga masu tallar ƙaramar na'ura da ke zuƙe iskar leda ta liƙe bakinta, suna cewa duk abin da ya shiga ciki ya tsira. Rabin gaskiya suka faɗa.

Ledar tana tare ƙura da ƙwari da danshin damina, wannan ba musu. Dabarar hana iska ce ma ta sa buhu mai hawa uku yake kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba fiya-fiya ba, maganin da ya ja Tarayyar Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015. Amma wake busasshe ne ƙayau. Abu mai danshi lamarinsa daban.

Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. A cikin ƙasa take zaune, kuma sai inda babu iska take farkawa ta saki dafi. To, ku dubi shanyar da ake yi a bakin titin Zariya: tumatir a ƙasa, motoci na tada ƙura, awaki na ratsawa. A kwashe shi da sauran laushi, a zuƙe iskar, a jibge a shago mai zafi, an gina mata ɗaki ke nan. Tsamin tumatir yakan hana ta, sai dai wanda ya yi funfuna tsaminsa ya ragu. Tattasai da albasa ba su da wannan kariyar, balle tarwaɗar da bandarta ba ta kai ciki ba.

Abin tsoron, dafin ba lallai ya yi wari ko ya canza ɗanɗano ba.

Saboda haka a shanya bisa tabarma ko raga, sama da ƙasa. A lanƙwasa yanki ɗaya: in bai karye ƙaras ba, da saura. Nama da kifi masu danshi, in an liƙe su, firji ne wurinsu, kuma mun san halin wutarmu. Ledar da ta kumbura a binne ta, kada a ɗanɗana, kada a ba kaji.

Uwargida, ki bar miyar ta tafasa sosai na minti 10, zafi yana karya dafin. In kuwa bayan cin abinci, galibi cikin awa 12 zuwa 36, wani ya fara gani bibbiyu, fatar idonsa ta saki, haɗiya ta gagara, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko zargin iska. Numfashi ne zai biyo baya. A garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar abincin da ledarsa.