Adbent da Kirsimeti a Cocin Ƙasar Hausa

Shekarar coci ba a watan Janairu take farawa ba. A wurin 'yan Katolika da Angilikan da Lutaran, tana kamawa ne daga Lahadi ta huɗu kafin ranar 25 ga Disamba, wadda kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Daga nan har zuwa jajibirin Kirsimeti ana cikin lokacin Adbent, wato makonnin jiran zuwan Almasihu. Jiran kuwa iri biyu ne: tunawa da yadda mutanen dā suka yi ta zuba ido ga haihuwarsa, da kuma shirin dawowarsa a ƙarshen zamani, kamar yadda Kirista suka gaskata.

Al'adar ta daɗe. Shaida mafi tsufa da ke nuna ana bikin haihuwar Yesu ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum, a shekarar 336. Bayan haka aka fara ware kwanakin shiri. A ƙasar da yanzu ake kira Faransa, a ƙarni na biyar, azumi ake ɗauka tun daga 11 ga Nuwamba. Daga baya cocin Rum ya tsaya a kan Lahadi huɗu, azumin kuma ya yi ta sassautawa. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar har yau suna riƙe da dogon azuminsu, sai ranar 7 ga Janairu suke Kirsimeti, saboda tsohuwar kalandar da suke bi.

Wanda ya shiga cocin Angilikan na Wusasa, kusa da Zariya, a Lahadin farko ta Adbent, zai lura da canji tun daga launi. Kayan limami da ƙyallen da aka shimfiɗa a bagade duk sun koma shunayya, launin tuba da natsuwa. Wannan coci na Saint Bartholomew, da aka gina da ƙasa bisa salon ginin Hausa, yana tsaye tun 1929, shekarar da mishan ɗin CMS ya taso daga cikin birnin Zariya, inda Dakta Walter Miller ya daɗe yana aiki. A irin waɗannan makonni karatun ya fi karkata ga annabi Ishaya da Yohanna Mai Baftisma, mai kiran mutane su tuba. 'Yan Katolika ma sukan ajiye waƙar ɗaukaka da suka saba rerawa a sujadar Lahadi, ba za a sake jin ta ba sai daren Kirsimeti, don ta zo wa kunne kamar sabuwa.

Ba kowace ikilisiya ce ke bin wannan tsari ba. ECWA, wadda ta tsiro daga aikin mishan ɗin SIM ta kuma tsaya da ƙafarta a 1954, da COCIN ta Filato, da EYN da ta faro a Garkida a 1923, ba su cika ɗaure kansu da launuka da jerin karatu ba. Amma ko an kira shi Adbent ko ba a kira ba, watan Disamba a cocin karkara watan aiki ne, kuma a ganina a nan ne ainihin labarin yake.

Lokacin ya dace da ƙarshen kaka. An girbe dawa, an kai masara rumbu, hunturu ya sauka, manomi ya ɗan sami sarari da abin hannu. Saboda haka coci da yawa kan yi godiyar kaka a waɗannan makonni ko gab da su. Kowane gida ya kawo abin da Allah ya hore masa: damin dawa, kwanon wake, doya, kaza, wani ma akuya. A sayar da wasu don hidimar coci, a ware wasu don fasto da gwauraye da marayu. Da yamma kuwa harabar coci ba ta rabuwa da mutane. Mawaƙa suna bita. Malaman makarantar Lahadi suna fama da yara a kan wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, ana rigimar wa zai zama Yusufu, wa za ta zama Maryamu, wa kuma za a bari da zama tunkiya. Matsayin sarki Hirudus ba ya rasa masu nema, domin shi ke da rawani da tsawa, shi kuma ke ba 'yan kallo dariya.

Ƙashin bayan wannan shiri su ne Zumuntar Mata. Su ke share coci, su ke tara gudummawa, su ke sanin gidan da tukunya ba za ta hau wuta ba idan ba a taimaka ba. Suna da ankonsu, suna da waƙoƙinsu na Hausa da suke tsarawa da kansu, ana bugun tulu da ganga, ana amshi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen ya zama abin da ke haɗa ƙabilu da dama a sujada guda. Shi ya sa za ka ji Bajju da Birom da Bura da Bamaguje suna karanta labarin Baitalami daga Luka sura 2 da kalmomi iri ɗaya.

A birane kamar Jos da Kaduna akwai sujadar waƙoƙi mai karatu tara, inda ake jera labarin tun daga Adamu har zuwa haihuwar Yesu, waƙa na raba tsakanin karatu da karatu. An fara ta ne a garin Truro na Ingila a 1880, ta shahara bayan wata kwalejin Kambirij ta ɗauke ta a 1918.

Gida ma ba a zaune ake ba. Tela na kwana a shago, masu kitso ba sa ɗaga kai, maza sun haɗa kuɗin watanda don yanka saniya, tashoshin mota sun cika da masu komawa ƙauye, kuɗin mota ya tashi. Fastoci kan yi ta jan kunne a kan cin bashi saboda kayan rana ɗaya da kuma shaye-shaye, kuma suna da gaskiya: sau da yawa natsuwar da Adbent ke nema tana ɓacewa a hayaniyar kasuwa.

Daren 24 a dā ana raya shi har tsakar dare. Hare-haren bam na Jos a jajibirin Kirsimetin 2010, da na cocin Saint Theresa da ke Madalla ranar Kirsimetin 2011, sun sa coci da dama suka dawo da sujadar zuwa yamma, aka kuma saba da bincike a bakin ƙofa. Da safiyar 25 launin ya koma fari. Coci ya cika har waje, domin 'yan birni sun dawo, waɗanda ba a gani ba tun bara ma sun zo. A yi wa'azi, a yi baiko ana rawa layi-layi, inda aka saba kuma a ci Jibin Ubangiji. Bayan an tashi sai yara su ɗauki kwanukan shinkafa da nama da cincin zuwa gidajen maƙwabta, har da Musulmi, waɗanda su ma sukan aiko da nasu ranar Sallah. A Najeriya ranakun 25 da 26 duka hutu ne.

Bikin bai ƙare a nan ba. Daren 31 ga Disamba ana komawa coci don shiga sabuwar shekara da addu'a, masu bin kalandar coci kuma suna ci gaba har 6 ga Janairu, ranar tunawa da masanan nan na gabas da suka kawo wa jaririn zinariya da lubban da mur.