Bayan Guguwa da Ambaliya: Tallafi Takarda Yake Bi

Ɓarnar damina a Kudancin Kaduna sau biyu take zuwa. A Afrilu da Mayu, lokacin ruwan fari, iska ke riga ruwa isowa, ta yaye kwanon gidaje da azuzuwa, ta karya turakun lantarki. A Agusta da Satumba kuma, idan ƙasa ta ƙoshi, rafuka su tumbatsa su shiga gidaje da gonaki, kamar yadda mutanen Kafanchan suka gani a daminar 2024. Da abin ya faru sai kowa ya zuba wa hanyar Kaduna da Abuja ido, yana jiran motar kayan agaji. Alhali samun tallafi ko rasa shi, tun a kwanakin farko ake yanke shi, a ƙofar mai unguwa da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Dalili kuwa shi ne yadda aka tsara aikin. An kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, a 1999, kuma tsarin ƙasa ya raba aikin agaji hawa uku: NEMA a tarayya, SEMA a jiha, sai kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. Jami'in da ke Kaduna bai san gidan da katangarsa ta faɗi a Jama'a ko Kaura ko Zangon Kataf ba. Rahoton da aka aiko masa daga ƙasa shi yake bi, da shi ake lissafa bandir ɗin kwano da buhun siminti da katifa. Wanda sunansa bai shiga ba, a idon hukuma babu abin da ya same shi. Saboda haka kafin magidanci ya kira kafinta, ya fara ɗaukar hoton ɓarnar da waya yadda take, rufin a ƙasa, hatsin a jiƙe. Ya sanar da mai unguwa da kansila a ranar, ya ga an rubuta cikakken sunansa da yawan iyalinsa da abin da ya rasa, har gonar citta ko masara. Ɗan haya ma a rubuta shi daban da mai gida, domin kayan ɗakinsa ne suka lalace. Kuma ba a sayen fom ɗin agaji. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunanka, ɗan damfara ne.

Wani zai ce ƙaramar hukuma ba ta da abin hannu, albashi ma da ƙyar. Akwai gaskiya a ciki, domin ko hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Sai dai abin da ake nema a farko ba mai cin kuɗi ba ne. A kafa kwamiti ya riƙa zama tun kafin hadari ya haɗu, a ware makarantar da za a sauke waɗanda suka rasa muhalli, a yashe magudanai, a isar da hasashen yanayi na hukumar NiMet da na ambaliya na hukumar NIHSA, waɗanda ke fitowa kowace shekara kafin damina ta kankama, zuwa kasuwa da coci da masallaci cikin harshen da jama'a ke ji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kuma zai ce ina amfanin rubuta suna, tunda 'yan jam'iyya da dangin manya ne ke kwashewa? Wannan ƙorafi ya fi nauyi a Kafanchan, garin da ya ɗanɗana rikicin 1987 da na 2011, inda raɗe-raɗin an fifita wani ɓangare kan iya zama fitina. Maganinsa shi ne a fito da komai fili. A liƙa jerin sunayen a ƙofar hakimi, a karanta shi a bainar jama'a, limami da fasto da shugabar mata da wakilin matasa suna zaune, a ba da dama wanda aka tsallake ya yi magana, musamman gwauraye da tsofaffi da ba sa iya turereniya. Ƙaurace wa rajista ba ya hana maguɗi, fili kawai yake bar wa masu yin sa.

Duk da haka, kada a ɗora wa tallafi abin da ba zai iya ɗauka ba. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma babu rabon shinkafar da ya mayar da wannan asara. Yarda da ƙaddara ba ta hana a canja katakon da gara ta ci, a ƙara ƙusa, a ɗaure rufi da ƙarfe a jikin gini, a daina gini a kan hanyar ruwa. Bayan iska, a nisanci wayar lantarki da ta faɗi ko da an ɗauke wuta. Bayan ambaliya, a tafasa ruwan rijiya kafin a sha, domin amai da gudawa kan biyo sahu.

Jama'ar Kafanchan da kewaye, tun rani ku je ku tambayi kansilolinku su wane ne ke cikin kwamitin agajin gaggawa, yaushe suka zauna, kuma wa za a kira idan iska ta tashi cikin dare. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba mu damina mai albarka.